Biron insulin: ra'ayina bayan na ajiye kwalba da sirinji

Ciwon suga nau'i na biyu nake da shi, wanda shi ne ke damun sama da kashi 90 cikin ɗari na masu wannan larura. A irin namu jiki yana samar da insulin, sinadarin da ke rage suga a cikin jini, sai dai ba ya jin maganarsa yadda ya kamata, kuma da tafiya ta yi nisa abin da fankiriyas, wato sashen jikin da ke yin insulin, ke fitarwa yakan ragu. Masu nau'i na ɗaya kuwa, garkuwar jikinsu ce ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin, don haka maganin sha ba ya yi musu komai, allura ce tun ranar farko. Akwai kuma wanda ke zuwa wa mata da juna biyu, galibi ya tafi bayan haihuwa.

Na daɗe a kan metformin, mai hana hanta zuba suga da yawa cikin jini, daga baya aka haɗa mini da gliclazide, wanda shi aikinsa matsa wa fankiriyas lamba ya ƙara fitar da insulin. Da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya ƙi sauka ƙasa da kashi 7, likitata ta ƙara mini insulin glargine, sau ɗaya a rana, metformin kuma yana nan. Da kwalba da sirinji na fara. Biron ya zo daga baya, kuma a kansa zan yi magana.

Siffarsa ta biro ce mai ɗan kauri. A cikinsa akwai mililita 3 na magani, wato yunit 300. Za ka ɗaura sabuwar allura a baki, ka murɗa gindin har adadin da aka rubuta maka ya bayyana a ɗan tagar, sannan ka danna. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarar "ƙas" da yake yi a kowane yunit. Idona ba kamar da ba ne, kuma layukan jikin sirinji ƙanana ne ƙwarai; kullum sai na ɗaga shi wajen fitila ina ƙyafta ido, ina tantamar ko 14 na ja ko 16. Da biro kunnena yana ƙirgawa, idona yana tabbatarwa. A maganin da ƙarin yunit kaɗan ke iya sa suga ya faɗi, ya jefa mutum cikin karkarwa da zufa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Allurar ma gajera ce, milimita 4. Mafi yawan lokuta ba na jin shigarta, musamman a fatar ciki nesa kaɗan da cibiya. A cinya nakan ɗan ji.

To amma yana da nasa sharuɗɗan, kuma ba kowa ake zaunar da shi a yi masa bayani ba. Kafin kowace allura sai ka fesar da yunit 2 sama don fitar da iska. Bayan ka danna sai ka ƙirga goma kafin ka zare, in ba haka ba za ka ga ɗigo a bakin allurar, maganinka ke nan ya tsaya a waje. Wajen sokawa kuma sai ana canzawa, domin idan aka nace wa wuri ɗaya kitse yakan taru ya yi kullutu, insulin ya daina shiga jini daidai.

Inda ya fi ba ni haushi shi ne ƙarshensa. Sai ka murɗa ya tsaya a 9 alhali 14 kake buƙata: ko dai ka soki kanka sau biyu da tsoho da sabo, ko ka yar da ragowar. Ga kuma batun zafi. Wanda ba a buɗe ba firij yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya tashi aiki. Wanda aka fara amfani da shi yana iya zama a ɗaki ƙasa da digiri 30, amma bayan kwana 28 sai a jefar ko da saura. Ni da alƙalami nake rubuta ranar buɗewa a jikinsa.

Wani lokaci nakan tuna cewa sai a 1921 masu bincike Banting da Best suka ciro insulin a Toronto ta Kanada, aka fara yi wa wani yaro allurarsa a Janairun 1922, biro na farko kuma bai fito ba sai 1985. Duk da wannan ci gaba, biron bai san ko ka ci abinci ba, don haka suga na iya faɗuwa. Na'urar gwaji tana nan a jakata, da ɗan suga. Idan ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, giram 15 na suga nake sha, in sake gwadawa bayan minti 15.

Ga mai raunin gani, ko mai rawar hannu, ko wanda tsoron sirinji ya sa yake ta ɗage fara insulin, ina ganin ya cancanci a tambayi likita a kansa. Masu nau'i na ɗaya sukan riƙe biro biyu, mai dogon zango da mai saurin aiki na lokacin cin abinci, don haka su riƙa duba suna da launi kafin su danna. Kuma ba a aron biro, ko da an sauya allura, domin jini yana iya komawa cikin maganin.