Minoxidil: abin da kwalbar ke yi da abin da intanet ke cewa

Ba don gashi aka ƙirƙiri minoxidil ba. Maganin hawan jini ne na kamfanin Upjohn, wanda aka amince da shi a Amurka a 1979, sai likitoci suka lura cewa masu shansa gashi na tsiro musu har inda ba su nema ba. Daga nan aka samar da na shafawa, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari a 1988 da sunan Rogaine, mai kashi 5 ya biyo baya a 1997. Wannan na biyun na yi amfani da shi, kuma hukuncina shi ne yana aiki, amma ba irin aikin da ake zuzutawa a intanet ba.

Nau'insa na ruwa yana barin maiƙo a fatar kai, yana ɓata rigar matashi idan aka kwanta bai bushe ba, sannan ya sa ni ƙaiƙayi da wani farin gari mai kama da amosani. Yawanci sinadarin propylene glycol da ke cikinsa ne ke jawo haka, shi ya sa na koma na kumfa, wanda ba ya ɗauke da shi.

Inda shawarar intanet ta fi ɓatar da mutane shi ne makonnin farko. Gashi yakan ƙara zubewa, mutum ya ga matajinsa cike, ya firgita, ya je ya rubuta cewa maganin ya ƙarasa masa kai. Alhali tsofaffin silin da suka daina girma ne ke faɗuwa domin sababbi su fito. Ba a yanke wa maganin hukunci kafin wata huɗu zuwa shida, amma mafi zafin sharhin da na karanta na mutanen da ba su kai rabin haka ba ne. Masu yabon ma ba su fi su gaskiya ba, domin hoton "kafin" sau da yawa an ɗauke shi ne da jiƙaƙƙen gashi a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, na "bayan" kuma gashin a bushe, an taje shi ya rufe gurbin. Ni dai abin da na samu shi ne tsakar kaina ta ɗan cike, zubewar ta ragu, gefen goshi kuwa ko gezau.

Akwai dalilin da ya sa shaidar wani ba ta zama hujja gare ka ba. Sai wani sinadari da ke saiwar gashi, sulfotransferase, ya sauya minoxidil kafin ya yi tasiri, kuma yawansa ya bambanta tsakanin mutane. Ban da haka, ba kowace zubewa ce sanƙon gado ba, domin ƙarancin jini da zazzaɓi mai tsanani da haihuwa duk suna zubar da gashi, wanda kan dawo da kansa idan sanadin ya gushe, sai mai shi ya jingina nasarar ga abin da ya shafa. Man ganyen rosemary da ake cewa ya kamo minoxidil, ƙaramin bincike ne na 2015 a kan mutum 100 ake kafa hujja da shi, kuma da mai kashi 2 aka gwada shi.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne ranar da ka daina shafawa, gashin da ka samu zai zube cikin 'yan watanni. Masu kyanwa a gida su yi hattara, domin kaɗan daga maganin yana iya kashe ta. Ina ba mai sanƙon gado da bai yi nisa ba shawarar gwada na kumfa, bayan likitan fata ya duba kansa ya tabbatar da irin zubewar. Ƙwayar finasteride kuwa, wani maganin sanƙon da ake sha, wadda ke rage DHT, sinadarin jiki mai jawo sanƙon gado, kuma takan taɓa sha'awar wasu maza ƙalilan, ba abin da za a fara sha ba ne don wani baƙo ya yabe ta a intanet.