Kafin ka sayi maganin feshi a kasuwar Kejetia

'Yan'uwa masu lambun latas da kabeji a Gyinyase da kewayen Kumasi, in kun shiga shagon maganin gona, kada tambayarku ta tsaya a kan wanne ya fi kisa. Ku tambayi kwana nawa zai yi a ƙasa da jikin ganye, domin abin da aka fesa yau, gobe yana kwanon wani a Aboabo ko Asawase.

Mu fara da maganin ciyawa, nan aka fi yin asara. Atrazine na masara ne. Ba ya kama ƙasa sosai, ruwa yake bi, kuma sai ya yi wajen kwana 60 kafin rabinsa ya ruɓe. Ga Kumasi da damina biyu a shekara, sai ruwan sama ya gangara da shi rafi ko rijiya, musamman a ƙasa mai yashi. Wanda ya cire masara ya dasa latas a wurin, yana iya ganin dashen ya yi ɗorawa ya bushe, ya ɗora wa iri laifi. Glyphosate kuwa manne wa ƙasa yake yi, saiwar sabon dashe ba ta cika shan sa ba, shi ya sa na fi yarda da shi wajen share fili kafin dashe. Paraquat ma yana mannewa, amma yana shekaru a laka, kuma babu makarinsa in mutum ya haɗiya. Ni dai ba zan ajiye shi a gidan da yara suke ba.

A ɓangaren ƙwari, chlorpyrifos ya fi daɗewa, bai dace da ganyen da ake ci ɗanye ba. Lambda-cyhalothrin ba ya bin ruwa, sai dai yana kashe kifi da ƙudan zuma, don haka a nisanta shi da rafi. In girbi ya kusa, Bt (maganin da ake yi da wata ƙwayar bakteriya) da man darbejiya sun fi: rana na karya su cikin 'yan kwanaki, a fesa da yamma. Bt tsutsa kaɗai yake kashewa, kuma ba nan take ba, sai ka yi haƙuri.

Duba lambar rajistar EPA, hukumar kare muhalli ta Ghana, a jikin kwalba, da kwanakin jira tsakanin feshi da girbi. Wanda aka ɗura a gorar ruwa babu takarda, ko da rabin kuɗi ne, bar wa mai shi kayansa.