Robar shaf ta yage bayan tsere: a canza roba ko shaf ɗin gaba ɗaya?

Wanda ya ɗaga Hilux ɗinsa inci 2 ya sa manyan tayoyi ya shiga tseren rairayi ya san zancen, ana dawowa sai ka ga giris ya fantsama a cikin tayar gaba. Ɗagawar ce ta karkata shaf ɗin, wato ƙarfen da ke juya tayar, robar da ke rufe join ɗinsa (mahaɗarsa mai giris a ciki) na ta gogar kanta har ta tsage.

Canza roba kaɗai ya fi sauƙin kuɗi gaskiya, amma fa sai makanike ya kwance join ɗin ya wanke shi tas da fetur ya cika sabon giris, don in yashi ya rage ko kaɗan ne shi da giris sun zama kamar dutsen niƙa, cinye ƙarfen za su yi a hankali kai kuma kana ganin ka gyara. Ni wannan na yi wa tawa saboda da wuri na gani.

In ka murɗe sitiyari kana jin ƙas ƙas ƙas kuwa, to join ya riga ya tafi, kar ma ka ɓata kuɗin roba. Sai shaf. Kuma wallahi gara ɗan Beljiyam na asalin Toyota da sabo mai arha, mai arhar nan ba ya jure motar da aka ɗaga.