Makaro a Excel don littafin bashi: abin da yake iyawa da inda yake ba da kunya

Mai kanti a Kasuwar Dole ta Damagaram da ke rubuta bashi a Excel ba ya neman abu mai yawa. So yake ya danna gurbi sau biyu ya koma "Ya biya" da launin kore, in ya sake dannawa ya dawo "Saura" da ja. Excel na kwamfuta yana yin wannan tsaf, da makaro, wato jerin umarnin da ake rubuta wa Excel ya aiwatar da kansa, kamar layi goma na VBA, harshen da ake rubuta makaron da shi.

Alt+F11 ke buɗe wurin rubutun. Ko da Excel ɗinka na Faransanci ne, irin wanda aka saba gani a Damagaram, da Ingilishi ake rubuta umarnin. A zuba shi cikin Feuil1, wato shafin da bashin yake. Wanda ya sa shi a Module1 zai yi ta dannawa har yatsa ya gaji, shiru kake ji. Worksheet_BeforeDoubleClick ake zaɓa, kuma layin farko shi ne shinge: If Intersect(Target, Range("D2:D500")) Is Nothing Then Exit Sub. D2:D500 su ne guraben da ake rubuta "Ya biya" ko "Saura". In babu shingen, danna biyu a kan sunan mai bashi sai "Ya biya" ya hau kan sunan. Sai Cancel = True, don kada gurbin ya buɗe. Daga nan If ya duba Target.Value ya juya kalmar, Target.Interior.Color kuma ya ɗauki RGB(198, 239, 206) ko RGB(255, 199, 206). Kalmar za a duba, ba launin ba, domin yaron kanti na iya shafa wani koren da hannu, lissafi ya rikice.

Babban aibinsa Ctrl+Z ne. Da zarar makaro ya taɓa gurbi, duk tarihin komawa baya ya tafi, har kuskuren jaka biyar da ka rubuta kafin nan; sai dai gyara da hannu. Adanawa kuma sai a .xlsm, don .xlsx zubar da makaron yake yi. Tun 2022 Microsoft ke toshe makaro a fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, sai an shiga Propriétés na fayil ɗin an zaɓi Débloquer.

A waya kuwa ba ya aiki sam. Excel na Android zai buɗe fayil ɗin, amma makaron ba zai motsa ba. Kantin da maigida ke duba lissafi ta waya ya fi dacewa da jerin zaɓi mai kalmomin nan biyu, a bar wa Mise en forme conditionnelle, wato tsarin Excel da ke sauya launin gurbi bisa abin da ke cikinsa, aikin launi.