Ta kama mini masu shan data, amma lissafinta ya rikice

Data ɗin shagonmu ne ya riƙa ƙarewa tun kafin wata ya raba, shi ya sa na saka wannan manhajar ta sa ido kan na'urorin da ke kan waifai. Kwamfuta takwas gare mu, firinta ɗaya, kyamarar tsaro biyu, shi ke nan. Ran da na buɗe ta da daddare, an kulle shago, inbata ce kawai ke riƙe da rauta, wato na'urar da ke raba waifai, sai ga jerin wayoyi reras a kan waifai ɗinmu, kowace da lambar IP ɗinta da yawan abin da ta zuƙa. Wata ma a lokacin take sauke bidiyo. Ashe samarin da ke zaman dare wajen mai shayin bakin layi ne. Ɗaya ya samu lambar sirri, sauran suka ɗauka ta QR, ba sai an faɗa wa kowa ba. Ina kwance na bi su ɗaya bayan ɗaya ina toshewa. Wallahi ranar na ji daɗin kuɗina, har na tura wa abokan sana'a a WhatsApp na ce kowa ya nema.

To amma wajen tsara na'urorin, nan ta ba ni haushi. Na zauna na raɗa wa kowace suna, na ware na shago daban, na ma'aikata daban. Kwana kaɗan sai wayar yaron shagona ta fito sau biyu, ɗaya da sunan da na sa, ɗaya babu suna. Dalili kuwa, tun daga Android 10 da iOS 14 waya kan ƙirƙiri lambar MAC (lambar shaidar da ake gane na'ura da ita a waifai) ta daban ga kowane sunan waifai, mu kuma biyu gare mu, na 2.4 da na 5GHz. Manhajar ba ta iya haɗe su wuri ɗaya, ba ta ma gane kamfanin wayar. Sau ɗaya har na toshe kwastoma yana tsakiyar cike fom, na sha magana.

Su kuma wayoyin da suka leƙo sau ɗaya suka tafi, suna nan jibge a jerin, sai ka goge da hannu. In ka nemi taswirar da ke nuna wace na'ura ke kan wane swici (akwatin da ake jona wayoyin intanet na kwamfutoci), sai a ce ka ƙara kuɗi. Tauraro uku na ba ta, shi ma don daren nan ne.