Awa Biyu a Filin Ƙanƙara na Nottingham

Abin da ya kai ni National Ice Centre da ke Nottingham a Ingila shi ne sunan Jayne Torvill, 'yar garin da ta bar aikin akawu a kamfanin inshora ta rungumi rawar zamiya a kan ƙanƙara tare da Christopher Dean, wanda shi kuma ɗan sanda ne a wancan lokacin. Sau huɗu a jere suka zama zakarun duniya, daga 1981 zuwa 1984, kuma a gasar Olamfik ta Sarajevo a 1984 alƙalai tara duka sun ba su cikakken maki 6.0 a fannin ƙayatarwa, suka ɗauki zinare. Shekara goma bayan haka suka dawo gasar Olamfik a Lillehammer ta ƙasar Norway suka samu tagulla.

Ita Torvill ce ta buɗe cibiyar a 2000, kuma dandalin da ke ƙofarta ana kiransa Bolero, sunan kiɗan da suka yi rawar Sarajevo da shi.

Ana ba da hayar takalman zamiya, kuma ma'aikaciyar da ta ba ni nawa ta nuna mini yadda zan ɗaure igiyar tam a idon sawu, don kada ƙafa ta riƙa lilo. Ƙanƙarar sumul take, filin kuma yana da faɗin da ɗan koyo zai rarrafa a gefe yana dafa katanga ba tare da ya tare wa gwanaye hanya ba. Na faɗi sau uku, laifin ƙafafuna ne. Duk mai niyyar zuwa ya riƙe safar hannu da rigar sanyi.