Rangadin Turaif da abincin Najdawa: inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu da inda ba ta biya ba

Kamfanonin yawon buɗe ido da ke Riyad suna sayar da wani tsari na rabin yini da baƙi ke rububinsa: mota ta ɗauke ka daga masauki da la'asar, a kai ka Dir'iyya, ɗan jagora ya zagaya da kai tsohuwar unguwar Turaif, sannan a rufe da abincin dare da suka kira na gargajiya. Irinsa na saya mana ni da Baffana, wanda ya daɗe yana zaune a Saudiyya amma bai taɓa leƙa wurin ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ina da ƙorafi a kansu kuma ban ji ta bakinsu ba. Wurin dai ya cancanci a je. Abincin ma haka, amma sai ka san abin da za ka nema, in ba haka ba shinkafa da kaza za a dire maka a ce ka ci gargajiya.

Dir'iyya tana yankin Najdu da ke tsakiyar Saudiyya, arewa maso yammacin Riyad, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birni, a bakin kwarin Wadi Hanifa. An kafa garin tun 1446, amma shekarar da Saudiyawa suka riƙe ita ce 1727, lokacin da Imam Muhammad bin Sa'ud ya hau mulki. Daga nan suke ƙirga daularsu ta farko, shi ya sa tun 2022 suke hutun ranar kafuwa kowace 22 ga Fabrairu. A garin ne kuma ya karɓi Shaihu Muhammad bin Abdulwahhab a 1744, suka ƙulla alkawarin da aka gina daular a kansa. Ɗan jagoranmu ya biya mana waɗannan shekaru tiryan-tiryan tun muna cikin mota, rabin mutanen suna kallon waya.

Ana sauke ka ne a Bujairi, unguwar da Shaihun ya zauna, a ɗaya gefen kwarin. Yanzu ta zama dandalin gidajen abinci masu tsada, da yawansu na ƙasashen waje, an buɗe ta a Disambar 2022 tare da Turaif ɗin. Daga nan za ka taka gada ka haye, kuma tun kana kan gadar za ka gane dalilin da ya sa UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2010. Gari ne guda na ginin ƙasa a kan tudu, katanga bisa katanga, rana tana faɗuwa a jikinsu sun yi jawur.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne jikin ginin idan ka matso kusa. Daga ƙasa dutse aka jera ya zama tushe, sannan aka ɗora tubalin laka da aka kwaɓa da tattaka aka shanya a rana. Idan ka ƙura ido za ka ga guntayen karan a cikin yaɓen. Katangar tana da kauri daga gindi, tana sirancewa tana hawa. Can sama an bar ƙananan kafofi masu kusurwa uku a jere, wasu an ɗora su kan wasu sun yi dala, iska da haske na shiga, zafin rana kuwa ba ya samun hanya. Rufin da itacen asal, wata bishiyar hamada, aka yi masa azara, aka shimfiɗa zarbar dabino, aka danne da laka. Baffa a gidan magina ya tashi, don haka nan ya manta da ɗan jagora. Ya tsaya gaban wata katanga ya ce, “Ɗana, dubi nan. Wannan yaɓen jiya-jiya ne, hannun mai gyara ne. Wancan kuwa da ruwa ya zaizaye, shi ne na mutanen da.” Gaskiyarsa, kuma yana daga cikin abin da na yaba: ba a lulluɓe komai da sabon yaɓe an mai da shi tamkar yau aka gina ba. Inda aka rushe an bar shi a rushe, an kafa hanyar tafiya a bisa don kada ƙafafun baƙi su ƙarasa abin da ya saura.

Fadar Salwa ita ce uwar wurin. Faɗinta ya kai murabba'in mita 10,000, sassa bakwai ne da imamai suka yi ta ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin kangonta aka girka gidan tarihin Dir'iyya, inda za ka ga takubba da tsofaffin kuɗi da rubuce-rubucen hannu da salsalar gidan sarautar. Zamanin da fadar ta fi ƙarfi shi ne na Sa'ud bin Abdul'aziz, daga 1803 zuwa 1814, lokacin da ikonsu ya kai har Makka da Madina. Wato sa'ad da Shehu Usmanu yake hijira zuwa Gudu a 1804, nan ana kan ganiyar mulki. Wannan faɗaɗar ce ta jawo musu fushin Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta sa Muhammad Ali na Masar ya yi maganinsu. Ɗansa Ibrahim Fasha ya yi wa garin ƙawanya da igwa wajen wata shida a 1818, har Imam Abdullahi bin Sa'ud ya miƙa wuya a watan Satumba. Aka tafi da shi Alƙahira, daga can Istanbul, inda aka kashe shi, garin kuma aka rusa shi. Da Turki bin Abdullahi ya farfaɗo da mulkin gidan a 1824, Riyad ya zaɓa, Turaif ta zama kufai. Idan kana tsaye cikin ɗakin da ba rufi kana jin wannan, ba ka bukatar a yi maka dogon bayani.

To, nan ne kamfanin ya fara ci mana tuwo a ƙwarya. Motar ta ɓata lokaci tana bi otal-otal tana kwasar mutane, don haka muka iso a makare, ɗan jagora kuma ya ƙudura sai ya rama a kanmu. Da mun tsaya karanta allo sai ka ji “yalla, yalla”. Baitulmali, inda ake nuna harkar ciniki da kuɗin zamanin, daga ƙofa muka gaishe shi. Sabalat Mudi, masaukin da Imam Abdul'aziz bin Muhammad ya yi waƙafinsa da sunan mahaifiyarsa don baƙi da ɗalibai, da yatsa aka nuna mana. Gidan tarihin dawakin Larabawa ko hanyarsa ba mu bi ba. Amma an samu lokacin tsayawa a wani lungu mai kyawun haske kowa ya ɗauki hoto, wasu har sau uku ana sake tsayuwa. Magariba ma ba ta cikin lissafinsu, sai da Baffa ya yi magana sannan aka ce a je a yi a dawo da sauri, alhali ga masallaci nan kusa.

Bayan duhu ya shiga ana haska labarin daular a jikin katangar Salwa, da sauti da hotuna masu motsi. Aikin ya yi kyau ƙwarai, yaran da ke wurin ko motsi ba sa yi. Sai dai mai kallo ya sani labarin gida ne, masu gida ke ba da shi. Wanda yake son jin yadda Turkawa da Misirawa suka kalli lamarin sai ya nemi littafi.

Daga nan aka ɗebe mu zuwa gidan abincin da kamfanin ya yi ciniki da shi, ba a cikin Bujairi ba. An gina shi da kamannin gidan ƙasa, ɗakuna ƙanana, ka cire takalmi a bakin ƙofa ka zauna kan darduma ka jingina da matashi. Gahawa aka fara kawowa da dabino. Ba baƙa ba ce, ruwan ɗorawa ce, ƙamshin hel, kayan ƙamshin da Turawa ke kira cardamom, ya danne na gahawar, kuma ba sukari, dabinon ne sukarinta. Yaron ya riƙe buta da hagu, ya miƙo finjali da dama, ya fara da Baffa, ɗan kaɗan yake zubawa a gindin finjalin. Muddin ka miƙa masa haka kawai zai ƙara, sai ka ɗan girgiza finjalin sannan ya san ka ƙoshi. Wata baiwar Allah daga cikin ayarinmu ta yi ta sha tana zare ido har sai da aka raɗa mata.

Sai ga faranti an dire: shinkafa da kaza, da salak a gefe. Kabsa ce, kuma ba laifi, ta dahu. Amma duk wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ko Umra ya ci irinta har ya gaji, kuma ba ita ce abincin mutanen da suka gina katangun da muka baro ba. Najdu ba ta noman shinkafa, fatake ne ke shigo da ita daga Indiya da Iraƙi ta tashoshin gabas. Abin da gonakin Wadi Hanifa ke bayarwa da ruwan rijiya shi ne alkama da dabino, makiyaya kuma su kawo nono da man shanu da nama. Baffa ya ɗaga kai ya yi wa mai hidimar magana da Larabci, ya tambaye shi ko babu jarish da ƙursan. Mutumin ya washe baki ya ce akwai, baƙi ne ba sa nema, shi ya sa kamfanoni ke yin odar shinkafa. Muka ce a kawo, za mu biya daban.

Jarish ɗin shi ya biya ni. Alkama ce da aka ɓarza, aka dafa ta a hankali da nono da romo, ana tuƙawa har ta narke ta haɗe jikinta. Ya fi kama da faten tsaki mai kauri, sai dai na alkama, da ɗan tsamin nono a ƙarshen harshe. A tsakiya an yi gurbi an zuba albasa da aka soya har ta yi duhu, da garin busasshen lemun tsami, man shanu yana kewaye da ita. Wannan lemun shi ne sirrin, yana da ɗan ɗaci-ɗaci da ƙamshin hayaƙi da ke yanke maiƙon. Cokali ɗaya ba albasa abinci ne salam, da albasar kuwa wani abu ne daban. Ba banza ba hukumar kula da harkar girki ta Saudiyya ta ayyana shi a matsayin abincin ƙasa a Janairun 2023.

Ƙursan kuwa gurasa ce ta alkama mai sirin gaske, an gasa ta bushe, sai a kakkarya a jiƙa ta da romon nama da kabewa da gauta da tumatir har ta sha ta yi laushi amma ba ta dagargaje ba. Mun kuma ɗanɗana marƙuƙ, wanda kusan ɗan'uwansa ne, sai dai shi ɗanyen kwaɓin ake miƙarwa a jefa cikin miyar ya dahu a ciki. A bakina ya yi santsi da yawa, Baffa kuwa shi ya fi so, ya ce abincin marasa haƙori ne kuma ya kusa shiga layinsu. Duk cikinsu babu mai yaji. Wanda bakinsa ya saba da attaruhu ya nemi daƙƙus, wani markaɗen tumatir da barkono da tafarnuwa da suke kawowa a ɗan kwano, ko da yake shi ma bai kai ya sa ka gumi ba.

Aka rufe da hanini, dabino da gurasar alkama da aka kirɓa tare a man shanu, ana kawo shi da zafinsa. Abincin sanyi ne a wurinsu, kuma yana da nauyi, loma uku sun ishe ka. Sai a lokacin nan zagayen ya haɗu a kaina: tattakar da na gani a jikin katanga da jarish ɗin da ke gabana daga gona ɗaya suka fito, dabinon da aka rufa ɗaki da zarbarsa shi ne a cikin haninin. Wannan shi ne abin da tsarin ya kamata ya sayar, ɗan jagora kuwa yana can wani ɗaki yana cin tasa shinkafar, bai ce uffan a kai ba. Sauran 'yan ayarin da suka ga abin da ke gabanmu sai ga cokula suna ta miƙowa.

Wanda zai je, ya nufi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don da bazara zafin Riyad yana haura digiri 40 kuma yawancin zagayen a fili ne. A sa takalmi mai daɗin tafiya, akwai hawa da gangara, dattijo zai bukaci a riƙa tsayawa. Masu zuwa Umra su san Riyad ba nan kusa take ba, tsakaninta da Makka ya kusa kilomita 900, don haka tafiya ce ta musamman. Ni da za a tambaye ni, cewa zan yi ka ɗauki tasi da kanka, ka duba lokutan buɗewa da sha'anin tikiti a intanet tun kafin ka fito don suna sauyawa, ka isa da la'asar sakaliya ka bi a hankali, allunan bayani na nan da Larabci da Turanci. Idan kuma dole sai ta hannun kamfani, ka tambaye su awa nawa za a yi a cikin Turaif kanta ba a hanya ba, kuma su faɗa maka sunayen abincin da za a kawo. A gidan abinci, in kuna da yawa, ku nemi maslusa: ƙursan ne a ƙasa, jarish a kansa, shinkafa da nama a sama, duk a faranti ɗaya, mai son shinkafarsa ma ba a bar shi a baya ba.